Gangaren Tsakar Gida da Haƙƙin Maƙwabci: Nazarin Dabarun Sarrafa Ruwan Sama a Tambuwal da Kebbe

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda Bahaushe yake daidaita ƙasar gidansa domin ruwan sama ya fita ba tare da ya ci gindin gini ko ya haƙa kwazazzabo ba. An ɗauki ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sakkwato a matsayin farfajiyar nazarin. Manufar ita ce fito da ilimin da ke ƙunshe cikin kalmomi irin su indararo da daɓe da dakali da wuriya da kududdufi, sannan a auna shi da ƙa'idojin aikin gini na zamani. An dogara ga rubuce-rubucen masana gine-ginen Hausa da hukunce-hukuncen fiƙihun Malikiyya game da gini, tare da lissafin yawan ruwan da ke sauka a kan rufi da fili. Nazarin ya gano cewa hanyar ruwa a garin Bahaushe sarƙa ce guda, wadda ta faro daga rufin soro ta ƙare a fadama. Saboda haka, cikon ƙasar da magidanci zai yi shi kaɗai ba ya magance matsalar, illa dai ya tura ta gidan da ke ƙasa da shi.

Fitilun Kalmomi: gangare, daɓe, wuriya, kududdufi, zaizayar ƙasa, maƙwabtaka

1.0 Gabatarwa

Masana da dama sun yi rubutu a kan gine-ginen Hausawa. Daga cikinsu akwai Sa'ad (1981) da Schwerdtfeger (1982) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990). Waɗannan ayyuka sun yi bayani mai gamsarwa a kan tsarin gida da bakan gizo da zanko da adon bango da matsayin magina a cikin al'umma. Ƙasar da ginin yake tsaye a kanta, da yadda ake karkata ta domin ruwa ya wuce, ita ma ta cancanci irin wannan kulawa, domin ginin ƙasa daga gindi yake fara mutuwa. Idan ruwa ya kwana a tsakar gida, danshi yakan hau bango, yaɓe ya zube, tubali ya jiƙa, daga nan sai katanga ta kwanta, wani lokaci a kan masu barci a ƙarƙashinta.

Idan aka ambaci ambaliya a Jihar Sakkwato, abin da ke fara zuwa a rai shi ne ta watan Satumba na 2010, wadda ta biyo bayan cikar madatsar ruwa ta Goronyo, har ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Amma akwai wata ɓarnar da ba ta shiga labarai, wadda ke aukuwa gida-gida a kowace damina. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wannan ƙaramar ɓarna ita ce abin da maƙalar ta sa a gaba.

2.0 Yanayin Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Garin Tambuwal yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega, kimanin kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Tsohon gari ne da ya yi suna tun zamanin jihadi, kasancewar a nan Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. A ƙaramar hukumar akwai garuruwa irin su Dogon Daji da Jabo da Sanyinna. Ita kuwa Kebbe tana kudu da Tambuwal, ta yi iyaka da jihohin Kabi da Zamfara, kuma Kogin Zamfara yana ratsa yankinta a kan hanyarsa daga Gummi zuwa Jega. Kuchi na daga cikin manyan garuruwanta.

Kudancin jihar ya fi arewacinta samun ruwan sama. Damina takan kankama a watan Yuni, ta kai ƙololuwa a watan Agusta, lokacin marka, wadda Basakkwace ke kira malka, sannan ta janye wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Abin lura shi ne ruwan shekara guda yana sauka ne cikin watanni huɗu zuwa biyar, kuma sau da yawa da ƙarfi cikin ɗan lokaci. Ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara bayan dogon rani, dabbobi sun cinye ciyawa, iskar bazara ta share saura.

Ƙasar yankin iri uku ce a dunƙule. Akwai jigawa mai rairayi a kan tudu, wadda ke shan ruwa da sauri amma ba ta da riƙo, don haka ruwa mai gudu yake kwashe ta cikin sauƙi. Akwai marmara da tsakuwa, waɗanda ruwa ke bi ta kansu ya wuce. Akwai kuma laka a fadama, wadda ke riƙe ruwa ya daɗe bai tsotse ba. Gidan da ke kan tudu zaizaya ce matsalarsa, wanda ke bakin fadama kuwa kwanciyar ruwa ce. Tun da ruwan na tudu shi ke gangarowa wurin na fadama, matsalolin biyu a haɗe suke.

3.0 Hanyar Ruwa a Gidan Gargajiya

3.1 Rufi da Indararo

Rufin soro ko na shigifa a ido kamar shimfiɗaɗɗe yake, alhali magini ya karkata shi kaɗan zuwa ɓangaren da ya kafa indararo. Ana yin indararo da tsawo domin ya jefa ruwa nesa da bango. A inda ruwan ke faɗuwa akan ajiye dutse ko tsakuwa ko fasasshiyar tukunya don kada ya haƙa rami. Rufin ƙasa kansa yakan sha wani kaso na ruwan kafin ya sake shi, ɗakin ciyawa kuma yakan tsiyayar da shi a hankali ta kowace fuska. Domin kare bango, ana yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, masu hali kuma su yi amfani da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina.

3.2 Dakali da Daɓe

Dakalin da ake yi a gindin bango an fi saninsa da wurin zaman hira, amma babban aikinsa shi ne kare tushen gini daga fantsamar ruwa da kuma ture ruwan zuwa waje. Haka nan dokin ƙofa yakan ɗara tsakar gida tudu, ita kuma tsakar gida ta ɗara lungu. Wannan jerin hawa uku, wato ɗaki da tsakar gida da lungu, shi ne ginshiƙin tsarin baki ɗaya.

Daɓe aikin mata ne a al'adance, kuma da gayya ake yin sa. Akan zuba birji, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi har ƙasa ta kama, sannan a shafe da ruwan makuba. Masana adabin baka sun daɗe da sanin waƙoƙin daɓe a matsayin wani rukuni na waƙoƙin aiki na mata. Sai dai aikin da waƙar ke rakiya shi ma ilimi ne. Mai daɓe ta san inda ruwa ya saba kwanciya a gidan, domin ita ke share shi bayan kowane ruwa, kuma a nan take ƙara birji. Ma'auninta shi ne ta zuba ruwa a ƙasa ta ga inda ya nufa.

3.3 Wuriya da Lungu da Kududdufi

A gindin katanga, a kusurwar da ta fi gangare, akan bar wata kafa da ruwan gida ke fita ta cikinta. Ita ake kira wuriya, wasu kuma su ce rariya. Daga nan ruwa yakan bi lungu har ya faɗa kududdufi. Shi kududdufi ramin da aka haƙi ƙasar gina unguwar ne, don haka yawan gidaje shi ke kawo faɗin ramin da zai karɓi ruwansu. Wannan daidaito ne da ya samu daga yanayin sana'ar kanta. Idan kududdufi ya cika ya tumbatsa, rarar takan bi kwari zuwa fadama. Kafin faɗuwar damina kuwa, gyaran rufi da yaɓe da buɗe wuriya aiki ne da kowane gida ya san lokacinsa.

4.0 Ruwa da Haƙƙin Maƙwabci

Tun da ruwan wani gida ta ƙofar wani yake bi, dole a sami ƙa'idar da za ta raba gardama. Malaman Malikiyya sun yi bayani a kan wannan ƙarƙashin ƙa'idar hana cuta da cutarwa. Ibn al-Rami, wani magini da ya rayu a Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafinsa al-I'lan bi Ahkam al-Bunyan. Hakim da Ahmed (2006) sun nuna cewa malaman Daular Sakkwato sun yi aiki da irin waɗannan ƙa'idoji a ƙarni na 19, kuma cikin waɗanda suka yi rubutu a kai har da Alƙali Idris ɗan Khalid na Gwandu, garin da ba shi da nisa da Tambuwal.

Abu biyu ne suka fi shafar wannan nazari. Na farko, an bambanta ruwan sama da ruwan ƙazanta. Ruwan sama yana da haƙƙin bin hanyar da ya saba bi, ruwan wanka da wanki kuwa nauyin mai shi ne, ba shi da ikon sakar wa maƙwabci. Na biyu, ana duba abin da ya riga ya tabbata. Wanda ya zo daga baya ba zai toshe tsohuwar hanyar ruwa ba, haka kuma ba zai ƙirƙiro sabuwar da za ta zuba a bangon wani ba. A aikace, kafin magana ta kai gaban alƙali, mai unguwa da dattawa da sarkin magina sukan je su duba wurin su sasanta. Wannan ya nuna cewa Bahaushe bai ɗauki gangaren gidansa a matsayin abin da ya shafe shi shi kaɗai ba.

5.0 Abubuwan da Suka Sauya

Sauyi na farko shi ne rufin kwano. Kwano ba ya shan ruwa ko kaɗan, kuma yana sakin sa nan take. Lissafin a bayyane yake: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Idan aka yi ruwa mai milimita 50, rufin da ya kai murabba'in mita 100 zai zubar da lita 5,000, wato duro 25 mai cin lita 200. Fuloti mai ƙafa 50 da ƙafa 100, wanda ya kai kimanin murabba'in mita 450, zai karɓi lita 22,500 a wannan ruwa guda. Idan an rufe rabinsa da kwano, an shafe sauran da siminti, kusan dukkan wannan ruwa ta wuriya ɗaya zai fita.

Na biyu shi ne cike kududdufai. Da bulo ya maye gurbin tubali, sai aka daina haƙar ƙasa a cikin gari, kududdufi ya zama juji, daga baya a cike shi a yanka fuloti. Ruwan da ya saba zuwa nan bai san an sayar da wurin ba.

Na uku shi ne tashin lungu da titi. Shara da ɓaraguzan tsofaffin gine-gine sukan sa lungu ya riƙa tashi a hankali, sabon titi kuma akan ɗaga shi sama da gidajen da ke gefensa. Idan kwalbati ya yi ƙanƙanta ko leda ta toshe shi, titin yakan zama madatsa. Ta haka tsohon gida ke wayar gari yana ƙasa da lungunsa, wuriyar da aka yi don fitar da ruwa ta koma shigo da shi.

Na huɗu shi ne gasar ciko. Magidancin da ruwa ya dama yakan sayi yashi ko jar ƙasa ya ɗaga gidansa da ƙofarsa. Ruwan sai ya koma gidan da ke kusa, shi ma mai gidan ya yi nasa cikon idan yana da hali. A ƙarshe ruwan unguwa yakan taru a gidan wanda ya fi kowa rauni, kamar gwauruwa ko tsoho ko marayu. Ban da rushewar gini, ruwan da ya kwanta mako ɗaya zuwa biyu ya isa sauro ya ƙyanƙyashe a cikinsa, idan kuma ya shiga masai ya fito, rijiyar gida tana cikin haɗari.

A bakin gari kuwa, inda ruwan lunguna ke haɗuwa ya sauka a kan jigawa, nan kwazazzabo ke farawa. Idan saurin ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfin da yake ɗauke da shi yakan ninka sau huɗu. Kan kwazazzabo kuma baya yake ci, wato yana hawowa tudu ne zuwa cikin gari, yana cin hanya da gona da maƙabarta.

6.0 Daidaita Ƙasa: Ƙa'idoji da Matakai

Ƙa'idojin aikin gini na zamani ba su saɓa wa na magina da masu daɓe ba, illa dai sun sa musu adadi. Ana iya jera aikin kamar haka:

i. Gano mafita kafin a taɓa ƙasa. A tsaya lokacin da ake ruwa a ga inda yake shigowa da inda yake kwanciya da inda yake son fita. Daga mafita ake fara awo a komo baya zuwa ɗaki. Idan lungu ya fi tsakar gida tudu, gyaran lungun ne farko, kuma wannan aikin unguwa ne.

ii. Awo. Turaku da igiya da siririn tiyo mai garai-garai da aka cika da ruwa sun wadatar, domin ruwan da ke bakin tiyon biyu kullum a kan layi ɗaya yake tsayawa. Da shi ake sa alama a bango da turaku.

iii. Gangare. A gindin gini, dokar gine-ginen gidaje da ake aiki da ita a Amurka ta nemi ƙasa ta sauka inci 6 cikin ƙafa 10 na farko, wato kimanin santimita 15 cikin mita 3. Wannan shi ne aikin da dakali yake yi tun asali. A sauran fili mai daɓe ko siminti, santimita 2 a kowace mita ya isa. Tsakar gida mai tsawon mita 10 ke nan za ta sauka da santimita 20 daga ƙofar ɗaki zuwa wuriya. Idan faɗinta mita 8 ne, cikon da ake bukata bai wuce mita 8 na awon tankar ƙasa ba, wato tsawo da faɗi da zurfi. Gangaren da ya wuce kima a kan rairayi shi ma illa ne, domin yana ƙara wa ruwa gudu.

iv. Kayan ciko. Birji ko jar ƙasa mai ɗan danƙo ta fi yashi zalla, wanda ruwan farko zai kwashe ya kai kwata ya toshe ta. A zuba shi hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10 zuwa 15, a jiƙa a daɓe kafin a ƙara wani. Kada ciko ya kai tsayin dokin ƙofa, kada kuma ya binne gindin bangon ƙasa, domin danshi zai bi ta nan ya hau.

v. Rage ruwan da ke fita. Duron da aka tara a ƙarƙashin indararo ko bakin kwano yana rage nauyin wuriya, ya kuma samar da ruwan wanki. A gidan da ke kan jigawa ana iya haƙa rami a cika shi da duwatsu domin ruwa ya tsotse, muddin ya yi nisan aƙalla mita 5 daga gini, kuma ba kusa da masai ko rijiya ba. A ƙasar laka irin ta bakin fadamar Kebbe wannan dabara ba ta da amfani sosai, tudun harsashi da buɗaɗɗiyar hanyar ruwa su ne abin dogaro. Barin wani sashe na gida ba siminti, da itace ko ɗan lambu a cikinsa, yana taimakawa a ko'ina.

vi. Karya ƙarfin ruwa a waje. A bakin wuriya a shimfiɗa duwatsu. A kan gangaren bayan gari a jera duwatsu a gicciye, a dasa jema ko gamba a bayansu, domin saiwarsu tana riƙe ƙasa. Ƙaramin kwazazzabo ana iya tare shi da jerin ƙananan shingaye na dutse tun daga samansa. Aikin raya karkara na Keita a Jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka fara a 1984, ya nuna abin da jerin duwatsu da dashen itatuwa da aikin gayya za su iya yi a ƙasar Hausa da ta fi wannan ƙarancin ruwa.

7.0 Matsayin Hukuma da Shugabannin Al'umma

Akwai ayyukan da suka fi ƙarfin unguwa. Jihar Sakkwato ta shiga shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, kuma a ƙarƙashinsa aka yi aikin magudanar ruwa ta Mabera a birnin Sakkwato. A watan Disamba na 2021 bankin ya amince da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye manyan magudanai da manyan kwazazzabai suke fuskanta. Tsakanin wuriyar gida da babbar magudana akwai tazarar da babu mai cike ta sai mutanen unguwa. A nan ne ake bukatar uwayen ƙasa da masu unguwanni su dawo da al'adar duba hanyar ruwa kafin a yi sabon gini ko babban ciko, ƙananan hukumomin biyu kuma su ƙidaya kududdufan da suka rage su hana yanka su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun ruwan sama daga rufi zuwa fadama a garuruwan Tambuwal da Kebbe. Ta nuna cewa indararo da dakali da daɓe da wuriya da kududdufi gaɓoɓi ne na tsari guda, wanda fiƙihu da al'adar maƙwabtaka suka tsare. Ta kuma nuna cewa kwano da siminti sun ƙara yawan ruwan da gida ke fitarwa a daidai lokacin da ake cike wuraren da ke karɓar sa. Awon da masana aikin gini suka tsayar yana da amfani ga magidanci, amma sai an fara da tambayar inda ruwan zai je bayan ya bar gidan, da kuma wanda zai tarar a can. Akwai bukatar masu nazarin Hausa su tattara kalmomin wannan fanni a karin harshen Sakkwatanci daga bakin tsofaffin magina da matan da suka yi daɓe, tun suna raye, domin ajiye kalmomin da kuma dabarun da ke tafe da su. Tun ran gini, tun ran zane.